Ƙirar Hotrod a Amurka: Nazarin Yadda Ake Sake Ƙera Marainiyar Mota a Gida

1.0 Gabatarwa

Daga cikin sana'o'in hannu da suka tsiro a ƙasar Amurka a ƙarni na ashirin, akwai wata wadda aka fi yin ta a garejin bayan gida, a bakin abokai da maƙwabta kuma ake koyon ta. Sana'ar ita ce ta ɗaukar tsohuwar mota wadda aka riga aka fid da rai da ita, a kwance ta ƙusa-ƙusa, a sa mata injin da ya ninka nata na asali ƙarfi, sa'an nan a sake mata siffa daidai da son mai ita. Motar da aka yi wa wannan aiki ita ce Amurkawa ke kira hotrod, kuma da wannan suna za a riƙa kiran ta a nan. Mai yin aikin kuwa za a kira shi maƙeri, tun da yake da ƙarfe da wuta da guduma yake aikinsa.

Wannan maƙala za ta ɗauki mota guda, wato Willys ƙirar 1941, ta bi diddigin yadda ake mayar da ita hotrod a gida. Abin da ake son nunawa shi ne, ƙarfin da aka ƙara wa inji bashi ne da aka ɗora wa sauran sassan mota, kuma dole ne firam da aksul da sitiyari da birki kowanne ya biya nasa kaso. Idan aka bar wani sashe bai biya ba, direba ne zai biya da ransa. An zaɓi Willys ne domin ba ta cikin motocin da aka fi yi wa tanadin kayan gyara, saboda haka a kanta ne wannan ƙa'ida ta fi fitowa fili.

2.0 Asalin Sana'ar

Sana'ar ta samo asali ne daga kudancin jihar Kalifoniya. Tsakanin 1908 da 1927 kamfanin Ford ya ƙera mota samfurin Model T fiye da miliyan 15, ya biyo bayanta da Model A, har ya zamana kafin 1935 tsofaffin motocin Ford sun cika kasuwar kwance, kuɗinsu kuma bai gagari saurayi mai ƙaramin albashi ba. A 1932 kamfanin ya fito da inji mai silinda takwas, waɗanda aka jera huɗu-huɗu a layi biyu masu haɗuwa a ƙasa kamar harafin V, mai girman lita 3.6 da ƙarfin doki 65. Sai samari suka gano cewa idan aka ciro wannan inji aka sa shi a tsohuwar mota mara nauyi, aka cire mata rufi da duk wani ƙarfen da ba dole ba, to za ta tsere wa motocin masu kuɗi.

A arewa da birnin Los Anjeles akwai busassun tafkuna a cikin hamadar Mojave, irin su Muroc da El Mirage, waɗanda ƙasarsu ta daskare ta yi sumul. Can samarin suka riƙa zuwa gwada gudu, har a 1937 suka kafa ƙungiyar SCTA domin tsara awon lokaci. Yaƙin Duniya na Biyu ya tsayar da harkar, amma kuma ya koya wa dubban samari walda da kanikanci a gidan soja. Da suka dawo sai sana'ar ta bunƙasa. A watan Janairu na 1948 Robert Petersen ya fara buga mujallar Hot Rod, a 1949 aka fara taron gudu na SCTA a filin gishiri na Bonneville, a 1951 kuma Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA, da nufin raba samari da tsere a titunan gari a mayar da su fili mai tsari. Tseren da wannan ƙungiya ta tsara shi ne na mota biyu a miƙaƙƙen layi mai tsawon rubu'in mil, wato kimanin mita 402.

3.0 Marainiyar Mota

Tun daga wancan lokaci Ford ƙirar 1932 ta zama uwa ma-ba-da-mama a wannan sana'a. Yawan masu ƙera ta ya jawo kamfanoni suka shiga yi mata kaya, har ta kai a yau mutum yana iya sayen sabon firam da sabon bodi da kowane noti, ya harhaɗa Ford ƙirar 1932 wadda babu ko ƙusa ɗaya ta 1932 a jikinta. Wanda ya bi wannan hanya ya tarar da an riga an yi masa lissafi.

Akwai kuma motocin da Amurkawa ke kira marayu, wato waɗanda kamfanin da ya haife su ya mutu ko ya daina yin irinsu. Willys tana cikinsu. Kamfanin Willys-Overland na garin Toledo a jihar Ohayo shi ya ƙera ta da sunan Americar, ƙaramar mota mai araha, wadda aka sayar da kimanin 22,000 daga cikinta a 1941. Injinta mai silinda huɗu ne, girmansa lita 2.2, ƙarfinsa doki 63. Wannan inji, wanda injiniya Delmar Roos ya inganta, shi ne aka sa a ƙaramar motar sojan nan da kamfanin ya ƙera kimanin 360,000 a lokacin yaƙi, wadda sunanta ya shigo Hausa a matsayin jip. A farkon 1942 aka dakatar da ƙera motocin farar hula a Amurka, bayan yaƙi kuma kamfanin ya mai da hankali kan jip, bai sake waiwayar Americar ba.

Abin da ya ja hankalin maƙera gare ta shi ne rashin nauyi. Mai ƙofa biyu da gajeren rufi nauyinta bai kai kilo 1,000 ba, ta fi Ford ta wannan shekara sauƙi da fiye da kilo 300. Tazarar da ke tsakanin ƙafafunta na gaba da na baya inci 104 ce kawai. Ƙungiyar NHRA tana da ajin motoci masu shan fetur na gidan mai, waɗanda ake rarraba su bisa nauyin mota da girman inji, kuma a wannan aji ne Willys ta yi suna. George Montgomery na jihar Ohayo ya yi nasara a babbar gasar 1959 da Willys ƙirar 1933 mai injin Cadillac. Bayansa aka yi Fred Stone da Tim Woods da direbansu Doug Cook, masu Willys ƙirar 1941, wadda suka fara da injin Oldsmobile suka koma na Chrysler. Stone da Woods baƙar fata ne, Cook kuwa Bature, a zamanin da irin wannan haɗin gwiwa bai zama ruwan dare ba a filayen tsere. A kan injinan nasu sukan ɗora na'urar cusa iska da aka ciro daga manyan injinan dizal na GMC, wadda aikinta ya yi daidai da na zugazugin maƙeri: tana tura iska da ƙarfi domin wuta ta ƙara ci. Hotunan waɗannan motoci su ne har yau suke sa mutane neman tsohuwar Willys su kai ta gida.

4.0 Matakan Aikin

4.1 Zaɓen Mota

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Mai neman motar da zai sake ƙerawa bai damu da ko injinta yana tashi ba, tun da cire shi zai yi. Abin dubawa shi ne tsatsa: ƙasan ƙofofi, da daɓen mota, da gindin ginshiƙan rufi, da wuraren da bodi ya zauna a kan firam. Akan bi jikin da maganaɗisu, inda duk ya ƙi kamawa to an cike rami ne da ƙullin gyaran bodi aka shafe da fenti. Wannan ne ya sa motocin busassun jihohi irin su Arizona suka fi na arewa maso gabas daraja, domin can ana zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, gishiri kuwa abokin gabar ƙarfe ne. Ga marainiyar mota akwai ƙarin sharaɗi, wato cikar ƙananan kaya. Hannun ƙofa, da ragar gaba, da ƙarafan da ke kewaye da tagogi, idan babu su, nemansu yana iya cin shekara. Motar da aka saya da araha saboda ta rasa waɗannan takan fi cikakkiya tsada a ƙarshe.

4.2 Kwancewa da Awo

Kafin a kwance noti ɗaya, maƙeri yakan ɗauki hoto ya rubuta awo, domin babu littafin da zai koma gare shi. Kowane noti da aka cire akan sa shi a jaka a rubuta inda ya fito. Kafin a ɗaga bodi daga firam kuma, sai an gitta ƙarafa a cikinsa an yi musu walda ta wucin gadi, daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi. Dalili kuwa shi ne tsohon bodi da firam yake tsaye. Da zarar an raba su yakan saki, kuma idan ya saki, ƙofofi ba za su ƙara rufuwa daidai ba.

4.3 Firam

Firam shi ne ƙashin bayan mota, kuma shi ne na farko wajen biyan bashi. Na motocin wancan zamani dogayen ƙarafa biyu ne masu buɗaɗɗen gefe ɗaya kamar harafin C, an haɗa su da 'yan ƙarafan gicciye. Irin wannan ƙarfe yana jure nauyin da aka ɗora masa daga sama, amma ba ya jure murɗa. Babban inji kuwa, duk lokacin da aka taka totur, yakan yi ƙoƙarin juyawa saɓanin yadda yake juya farfela, ya murɗe firam ɗin da aka ɗaure shi a kai. Maganin wannan shi ne a rufe buɗaɗɗen gefen da farantin ƙarfe mai kaurin kimanin milimita 3, harafin C ya koma akwati mai kusurwa huɗu, sa'an nan a ƙara ƙarafan gicciye a tsakiya.

A nan ne gaggawa take ɓata aiki. Zafin walda yana sa ƙarfe ya buɗe, idan ya huce kuma ya tsuke ya ja abin da ke kusa da shi. Wanda ya bi gefe ɗaya da walda daga farko har ƙarshe zai wayi gari firam ya lanƙwashe kamar baka. Saboda haka akan ɗaure firam a kan shimfiɗar da aka daidaita, a riƙa yin walda 'yar gajeruwa a dama, a tsallaka hagu, a bar ƙarfe ya huce. Bayan kowane zagaye akan auna daga kusurwar gaba ta dama zuwa ta baya ta hagu, a kuma auna kishiyarta. Idan awon biyu bai zo ɗaya ba, motar za ta riƙa tafiya a karkace, tana cin taya, komai kyan abin da aka ɗora a kai.

4.4 Inji da Mazauninsa

Injin da aka fi amfani da shi shi ne ƙaramin V8 na Chevrolet, wanda ya fito a 1955, aka kuma faɗaɗa shi zuwa lita 5.7 a 1967. Nauyinsa kimanin kilo 260 ne, kayansa kuma suna ko'ina. Masu son kamannin motocin tseren da sukan nemi injin Chrysler na 1951 zuwa 1958, wanda ya fi faɗi, nauyinsa kuma ya haura kilo 300. Ɗan lissafi zai nuna girman canjin. Willys ta asali, kowane doki guda na injinta yana jan kimanin kilo 15. Idan aka sa mata inji mai doki 300, nauyinta ya tashi zuwa kilo 1,100 alal misali, kowane doki zai ja ƙasa da kilo 4 ke nan.

Wahalar ita ce, an yi ɗakin injin ne domin silinda huɗu a layi ɗaya, kuma hancin Willys tsukakke ne. Dole a yanke bangon ƙarfen da ya raba inji da mazaunin direba a tura shi baya. Wannan yana da amfani, domin yana mayar da nauyi tsakiyar mota, shi ya sa ma dokar tseren NHRA ta wancan lokaci ta ƙayyade cewa kada a ja inji baya fiye da kashi 10 cikin 100 na tazarar ƙafafu. Amma kowane inci da inji ya samu, ƙafafun direba ne suka rasa shi. Akan rataye inji da sarƙa da kura, a saukar da shi a mazauninsa, a ɗaga, a sake saukarwa, ana duba ko sandar sitiyari za ta wuce, ko bututun hayaƙi zai sami hanya, ko akwai wurin fanka da lagireto. Lagireton ma sai an sake, domin mafi yawan ƙarfin da ke cikin fetur zafi yake zama, injin da ya ninka na da sau biyar kuwa ba zai huce da tsohon lagireto ba. Ƙarafan da za su riƙe injin babu mai sayar da su a shirye ga kowace irin haɗuwa. Maƙeri yakan yanka samfurinsu da kwali, ya gwada, ya gyara, sai ya gamsu sa'an nan ya zana a ƙarfe ya yanka.

4.5 Giya, Farfela da Aksul

Aksul na baya na asali ba ya ɗaukar ƙarfin sabon inji, sandunansa sukan murɗe su karye. Wanda aka fi sawa a madadinsa shi ne na Ford mai inci 9, wanda aka ƙera daga 1957 zuwa 1986. Da yake an yi shi ne domin manyan motoci, sai an yanke shi an rage masa faɗi kafin tayoyi su shiga ƙarƙashin bodin Willys, a kuma rage tsawon farfela.

Akwai lissafi iri biyu da ba a tsallake su. Na farko shi ne na haƙoran aksul. Idan farfela tana juyawa sau 4.11 kafin taya ta juya sau ɗaya, taya kuma tsayinta inci 28, to a gudun kilomita 97 cikin awa inji zai riƙa zagaye kusan 3,000 a minti a babbar giya. Idan aka sa mai sau 3, zai sauko kusan 2,200. Na farkon yana fizgar mota daga tsaye, na biyun kuwa ya fi daɗin doguwar tafiya da sauƙin shan mai. Wato tun kafin sayen aksul ya kamata maƙeri ya yanke shawarar abin da zai yi da motar. Lissafi na biyu shi ne na gaɓoɓi biyun da ke bakin farfela gaba da baya. Gaɓar da ke aiki a karkace takan sa juyawa ta riƙa sauri da jinkiri sau biyu a kowane zagaye, sai ta biyun ta goge abin da ta farkon ta jawo, muddin karkatarsu ta zo ɗaya. Saboda haka akan daidaita su da ma'aunin kusurwa, 'yan digiri kaɗan kowacce. Idan aka yi sake, motar za ta riƙa karkarwa har gaɓar ta ci kanta.

4.6 Ƙafafun Gaba da Sitiyari

A nan ne maƙeri yake fuskantar jarrabawa mafi girma, domin ido da hankali sukan saɓa. Motocin tseren da aka ambata a baya an san su da ɗagaggen gaba a kan miƙaƙƙen aksul. Masu su sun yi haka ne domin tayoyin zamanin ba su kama ƙasa sosai, sai aka ɗaga motar domin nauyi ya koma ƙafafun baya lokacin tashi. Dabara ce ta mita 402 a layi miƙaƙƙe, inda babu kwana, babu rami, babu mai tsallaka titi. Gajeruwar mota mai tsawo a sama tana saurin karkata a kwana, tana kuma iya kifewa. Wanda ya kwaikwayi siffar ya hau titi da ita, ya ɗauki aibinta ya bar dalilinta.

Masu ƙera motar hawa sukan saukar da gaban, da yawa kuma sukan ɗauko tsarin ƙafafun Ford Mustang II na 1974 zuwa 1978, inda kowace ƙafa take motsi ita kaɗai. Ko wanne aka zaɓa, abin kiyayewa ɗaya ne: sandar da ke juya ƙafa da ƙarafan da ke riƙe da ƙafar dole su yi lilo a baka ɗaya. Idan suka saɓa, duk lokacin da taya ta hau tudu ko ta faɗa rami za ta juya da kanta ba tare da direba ya taɓa sitiyari ba.

4.7 Birki

Ƙarfin da birki zai kashe ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu. Idan gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin yakan ninka sau huɗu. Motar da aka yi wa birki domin kilomita 80, idan ta kai 160, aikin birkin ya zama huɗu, kuma duk wannan ƙarfi zafi yake komawa. Tsohon birki mai diram yana riƙe zafi a ciki, idan ya yi yawa sai ya daina kamawa. Shi ya sa ake sa mai faifai a gaba, wanda iska take bugunsa kai tsaye.

Haka nan babban famfon birki, wanda makanikai ke kira masta, na tsofaffin motoci hanya ɗaya gare shi zuwa ƙafafu huɗu. Bututu ɗaya ya fashe, birki duka ya tafi. Daga 1968 dokar tarayyar Amurka ta wajabta wa sababbin motoci famfo mai hanya biyu, domin idan ɗaya ta zube ɗayar ta tsayar da mota. Dokar ba ta hau kan motar 1941 ba, amma maƙeri mai hankali yakan ɗora wa kansa ita, ya ƙara da bel na ɗaure jiki da sandar sitiyari mai naɗewa idan an yi karo.

4.8 Bodi, Wayoyi da Fenti

Sai an gama duk wannan ake komawa kan abin da ido zai gani. Inda tsatsa ta ci akan yanke a ƙera sabon ƙarfe da guduma a kan buhun yashi, a liƙa da walda ɗigo-ɗigo. Wasu sukan rage tsawon rufi da inci biyu ko uku. Aiki ne mai wuya, domin ginshiƙan rufi a karkace suke, idan aka yanke tsakiyarsu aka sauko da rufin, bakin sama da na ƙasa ba za su haɗu ba sai an tsaga rufin an ƙara masa ƙarfe, ko an kwantar da ginshiƙan. Wayoyin asali masu rigar zare ne, na batir mai bolt 6. Akan zare su duka a sa sababbi na bolt 12, kowane layi da nasa fis. Ƙwararru sukan harhaɗa motar duka, su tuƙa ta tana tsirara, su gyara abin da ya bayyana, sa'an nan su sake kwance ta domin fenti. Wanda ya fara da fenti, da hannunsa zai kankare shi.

5.0 Haɗari da Doka

Garejin gida ba shi da mai sa ido, saboda haka kiyaye kai yana wuyan maƙeri. Tsohon fenti da abin da aka cike gaɓoɓin bodi da shi suna ɗauke da dalma, ƙurar tsohon birki kuma tana iya ƙunsar asbestos mai lalata huhu. Tankin da ya daɗe babu mai a ciki yana iya fashewa idan wutar walda ta kusance shi, domin tururin fetur ne ke kamawa. Jak kuma na ɗagawa ne kawai. Ba a shiga ƙarƙashin mota sai an kafa mata ƙafafun ƙarfe.

Ta fuskar doka, kowace jiha da nata tsari. Lambar mota mai harufa da alƙaluma 17 ta fara ne daga 1981, don haka tsohuwar mota da gajeruwar lambarta da takardar mallaka ake gane ta, kuma wanda ya sayi mota babu takarda yana iya gama aikin shekaru ya kasa yi mata rajista. A Kalifoniya motocin fetur ƙirar 1975 zuwa baya ba su cikin gwajin hayaƙi na lokaci-lokaci. Wata doka ta 2001 kuma ta ba da dama a yi wa motoci 500 ƙirar gida rajista ta musamman kowace shekara.

6.0 Taƙaddama Tsakanin Masu Adanawa da Maƙera

Akwai wata tambaya da ta fi nauyi a kan marainiyar mota. Masu adana tsofaffin motoci, waɗanda burinsu shi ne a mayar da mota yadda ta fito daga masana'anta, suna ganin wanda ya sa zarto a jikin motar da ba ta da yawa ya ɓarnata tarihi. Hujjarsu tana da ƙarfi a kan Willys, domin yawan waɗanda aka yanka ya sa ganin ta asali mai injinta na silinda huɗu ya zama abin mamaki a wurin baje kolin motoci. Maƙera kuwa suna cewa da ba don su ba, da tuni an narkar da waɗannan motoci, kuma sunan Willys mai ƙofa biyu a filin tsere ya rayu.

Lokaci ya sassauta rigimar ta hanyoyi biyu. Na ɗaya, an sami kamfanoni masu zuba sabon bodin Willys da zaren gilashi da danƙo, wanda ya ba mai son siffar damar samun ta ba tare da ya taɓa tsohon ƙarfe ba. Na biyu, tsofaffin hotrod su ma sun zama kayan tarihi. A 1997 bikin Pebble Beach, wanda yake cikin manyan tarukan masu adana motoci a duniya, ya buɗe musu aji na kansu, Ford ƙirar 1932 da Doane Spencer ya ƙera ta zo ta ɗaya. Ra'ayin da ya fi rinjaye a tsakanin masu lura shi ne, cikakkiyar mota mai lafiya a bar wa masu adanawa, wadda ta riga ta zama kango kuwa ta halatta ga maƙeri.

7.0 Kammalawa

An ga yadda wannan sana'a ta taso daga busassun tafkunan Kalifoniya, da yadda ƙaramar motar talakawa ta 1941 ta sami shiga cikinta saboda rashin nauyinta. An kuma bi matakan aikin ɗaya bayan ɗaya, inda ya bayyana cewa sa babban inji shi ne mafi sauƙi daga cikinsu, kuma shi ne yake jawo sauran. Ƙarfinsa ya tilasta rufe firam, girmansa ya tura bango baya, zafinsa ya sake lagireto, gudunsa ya ninka aikin birki. Mai ƙera Ford ƙirar 1932 yana iya sayen amsar kowace matsala a cikin kwali. Mai ƙera marainiya kuwa sai ya san dalilin kowane ƙarfe kafin ya yanka shi, domin ma'auninsa da kwalinsa su ne littafinsa. Wannan ne ya sa idan ƙwararrun sana'ar suka zo duba aikin wani, sukan durƙusa su leƙa ƙarƙashin motar kafin su dubi fentinta.